Wa Ya Koya wa Malam Miao?

Duk wanda ya taɓa sayen awara a unguwar Masu Gishiri, can bakin kogi a Cangzhou ta ƙasar Sin, ya san Miao Guilan ko da bai riƙe sunanta ba. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, kuma ba ta iya yi wa mai saye dariyar ciniki ba. Shekara arba'in ta yi a rumfa ɗaya tana yanka awara da wuƙar tagulla, ta ɗora a sikeli, ta miƙa. Mijinta Bian direban bas ne da ya ajiye aiki, 'yarsu guda ɗaya tana aure a Tianjin. Da ba don rigimar da ta taso a shekarar da ta cika sittin ba, da iyakar abin da za a faɗa a kanta ke nan.

A garinmu kunfu, wato dabarun faɗa da hannu da ƙafa, ba abin kallo ba ne. Kowace unguwa da salonta, kowane salo kuma da tsofaffinsa da za su rantse maka cewa na maƙwabta rawa ce kawai. Na unguwar Masu Gishiri shi ake kira Gajeren Hannu, kuma mahaifin Guilan, Malam Miao, shi ya koyar da shi har ya mutu. Salo ne marar ado: ba tsalle, ba juyi a iska, taki gajere, aikin duk na gwiwar hannu ne da kafaɗa, sai ka ce mutum yana neman hanya a cunkoson kasuwa. Babi takwas gare shi, kowane babi jerin motsi ne da ake haddacewa a jiki.

Guilan ba ta taɓa durƙusawa ta miƙa wa mahaifinta kofin shayi ba, yadda ɗalibi ke yi ranar da malam ya karɓe shi, domin a lokacin ba a rubuta 'ya mace a jerin ɗalibai. Amma tun tana shekara bakwai take niƙan waken suya kusa da shi. A shekarun da gwamnati ta hana irin waɗannan abubuwa, ɗalibai suka watse, kowa ya yi kamar bai san hanyar gidan ba, ita kaɗai ta rage masa. Sai ya tura ƙyauren ɗakin awara ya ce, "Zo ki ture ni." Ta ture shi, ya kayar da ita a kan buhunan wake, ta tashi ta sake. Haka ta haddace babi takwas ɗin cif. A cikin mazan da suka durƙusa suka miƙa shayi bayan an janye hanin, babu wanda ya wuce bakwai.

Biyu daga cikinsu ne suka yi fice. Dou, wanda ya girme ta da shekara shida, ya buɗe makaranta a bayan tashar mota, yana da ɗalibai wajen arba'in masu rawayen kaya. Geng kuwa ƙaninta ne a shekaru, tsohon malamin motsa jiki a sakandare, mai ɗaukar bidiyon kansa a waya yana sakawa duniya ta gani. Tun ranar da aka binne Malam Miao suka daina zama a tebur ɗaya. Dou ya ce Geng ya lalata salon da tsalle-tsalle don ya burge yara. Geng ya ce tumbi ne ya hana Dou sunkuyawa, shi ya sa ya ɗaga tsayuwar sama ya ce haka asalin yake. Shekara goma sha huɗu ana wannan a wajen biki da wajen makoki, Guilan tana jin su tana yanka awararta.

Sai ofishin al'adu na gunduma ya sanar cewa za a yi wa tsofaffin salo rajista a matsayin kayan gado. Wanda ya shiga zai sami allon girmamawa, da ɗan tallafi duk shekara, da damar koyarwa a makarantun gwamnati. Sharaɗin shi ne a kawo silsilar malamai a rubuce, wane ya koya wa wane, kuma ta kai shekara ɗari.

Dou ne ya fara zuwa gidan, da kwandon busasshiyar magarya da kwalbar giyar dawa don Bian. Ya zauna, ya yabi shayin, ya tambayi lafiyar 'yar Tianjin, sannan ya zaro wani littafi naɗe a jan ƙyalle.

"Ƙanwata, dubi wannan. Silsilarmu ce. Malamai bakwai, tun daga wani mai zuhudu, cikin masu aske kan nan, da ya sauko daga haikalin kan dutse shekara ɗari uku da suka wuce. Ga sunan Malam a ƙarshe."

Guilan ta goge hannu a jikin riga ta karɓa. Takardun sun yi ja, gefensu ya cinye.

"A ina ka samo shi, Yaya Dou?"

"A baƙin akwatin Malam. Shi ya ba ni kafin ya rasu."

"Barguna ne a baƙin akwati. Ni nake shanya su duk shekara. Kuma Baba bai iya karatu ba, kai kake karanta masa wasiƙa."

"Rashin karatu yana hana mutum ajiye littafi ne? Ke dai ki sa hannu cewa kin taɓa ganinsa a gidan. Ke 'yarsa ce, maganarki ta fi ta kowa nauyi."

"Ban taɓa ganinsa ba."

"Ki ƙara tunani," in ji Dou. Ya naɗe littafinsa ya tafi, ya bar magaryar.

Bayan kwana uku Geng ya same ta a rumfa. Shi bai zo da kwando ba, waya ya tura mata a fuska. Hoton wani dogon mutum ne na dā, da takobi da kitso ɗaya har baya.

"Yaya Guilan, kar ki bari wancan tsohon ya ruɗe ki da littafin da ya jiƙa a shayi ya shanya a rana. Ina mu, ina mai zuhudu? Dubi salon da kanki. Taki gajere, hannu kusa da jiki, ai na mutumin da ke faɗa a lungun fada ne. Dogarin sarki ne ya kawo shi. Ya gudo daga Beijing lokacin da fada ta watse, ya ɓuya a garin nan. Ga shi nan."

"Wa ya gaya maka wannan ne?"

"Dubi tsayuwarsa mana. Tamu ce sak."

"Tsaye yake kawai, Geng. Mai hoto ya ce masa kar ya motsa."

Ita ta san asalin salon, domin ta ji labarin daga bakin mahaifinta ya fi a ƙirga, suna tace ruwan wake. Ta fara gaya wa Geng, ya ce wayarsa tana ƙara, ya fita. Da ta koma gida ta tarar da Bian ya riga ya buɗe kwalbar.

"Tsohuwa, ki zaɓi ɗaya ki huta," ya ce. "Ni dai na fi son mai zuhudun. Giyarsa ta fi daɗi."

"Ubana ne fa ake magana a kai."

"Na sani. Shi ya huta, ke ce ba za ki huta ba."

Da yake takardu biyu masu karo da juna suka isa ofishin a kan salo ɗaya, sai aka kira zama. Ɗaki ne a hawa na uku, da dogon tebur da tulun ruwan zafi. Masu rawayen kaya suka jeru a gefe ɗaya, yaran Geng masu baƙaƙe a ɗaya gefen. Mai sauraren batun wata matashiya ce, Malama Shao, ba ta daɗe da fitowa daga jami'a ba. Ta ajiye na'urar ɗaukar magana a tsakiyar tebur ta ce a fara da babba.

Awa biyu aka yi. Geng ya ce tawadar littafin Dou ko bushewa ba ta gama yi ba, kuma an rubuta wata kalma a ciki da irin rubutun da aka sauƙaƙe bayan an haife su duka. Dou ya ce kwafi ne na kwafi, kowa ya san haka ake yi. Sannan ya ce hoton dogarin ya taɓa ganinsa rataye a wani gidan cin abinci. Geng ya miƙe ya ce a fita tsakar gida a gwada babi na uku a ga wanda ke da asali. Dou ya ce shi ba ya taɓa jiki da ɗan rawa. Aka zaunar da su da ƙyar.

"Iya Miao," in ji Malama Shao, "ke me kika sani?"

Guilan ta aza hannuwanta a kan tebur.

"Babana ɗan dako ne, gishiri yake saukewa daga jirage. Yana shekara goma sha uku sanyi ya daskarar da kogi, jirage suka maƙale a gaɓa wata uku. A ɗaya daga cikinsu akwai wani kuku, mutumin kudu, mai ɗingishi. Baba yana kai masa itace, shi kuma yana koya masa. Sanyi uku a jere suka yi haka. A na huɗu yaƙi ya zo, jirgin bai dawo ba."

"Sunansa fa?"

"Mai Tukunya ake ce masa. Yaro ba ya tambayar babba sunansa."

"Shi kuma wa ya koya masa?"

"Baba ya taɓa tambayarsa. Ya ce shan duka ne ya koya masa."

Wani daga cikin yaran ya yi dariya, aka harare shi.

"Babi biyar ya ba shi," ta ci gaba. "Sauran ukun Baba ne ya yi su. Na shida daga yadda ake sauke buhu daga kafaɗa. Na bakwai bayan wani ɗan kokawa ya kayar da shi a kasuwa, ya yi kwana uku ba ya magana. Na takwas a gabana ya yi shi, a ɗakin awara, a kaina ya gwada. Sunan salon ma, shekara talatin da suka wuce masu rubuta salo suka zo da takarda mai gurbin suna. Baba ya dubi hannunsa ya ce a rubuta Gajeren Hannu."

Malama Shao ta yi ƙirga a gefen takarda. Shekara saba'in da tara, malamai biyu, ɗaya ba suna. Ta ce a gaskiya wannan ne labarin da ya fi kama hankali a cikin duk abin da ta ji a shekarar, kuma za ta adana shi. Amma sharaɗi sharaɗi ne. Gajeren Hannu bai shiga ba.

A kan matakala Dou ya tare ta, fuskarsa ta yi ja.

"Kin ji daɗi? Kin mayar da mahaifinki ɗan dako, ɗalibin kuku, a gaban yara."

"Ɗan dako ne, Yaya Dou. Bai taɓa ɓoyewa ba. Mutumin da ya ɗauki babi biyar ya mayar da su takwas da kansa, shi ne abin kunya? Sai ka nemo masa wani mai aske kai da bai taɓa gani ba?"

"Ɗalibai arba'in nake da su. Me zan gaya wa iyayensu? Ku kawo 'ya'yanku su koyi abin kuku?"

Bai jira amsa ba ya sauka.

Geng kuwa bai tare ta ba. Rubutu ya yi ya saka a waya, kafin yamma duk unguwa ta karanta. Ya ce yana girmama 'yar Malam ƙwarai, amma kowa ya san tsofaffin malamai ba sa gaya wa 'ya mace sirrin gida, domin za ta tafi da shi gidan miji. Labarin kuku, a cewarsa, Malam ya ƙirƙiro mata shi ne don ya rufe ainihin maganar. Dou ya karanta ya ce wannan karon dai ɗan rawa ya faɗi gaskiya. A cikin shekara goma sha huɗu, wannan ne abu na farko da suka yarda da juna a kai.

Wannan ne ya fi ci mata rai, domin babu inda za ta kama shi. In ta ce Baba ya gaya mata, sai a ce ai dama zai gaya mata. In ta ce ya gaya mata sau ɗari, sai a ce ka ga irin ƙoƙarin da ya yi na ɓoyewa. Masu sayen awara suka riƙa yi mata kallon tausayi. Wata maƙwabciya ta dafa mata kafaɗa ta ce kar ta damu, haka iyayen dā suke. Guilan ta yanka mata awarar a karkace, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kuma sayar mata a haka.

Ta shiga neman shaida. Ta rufe rumfa kwana huɗu tana bin tsofaffin 'yan dako gida-gida, yawanci ta tarar sun mutu. A gidan kula da tsofaffi ta samu ɗaya mai shekara casa'in da biyu. Ya tuna ƙanƙarar. Ya tuna jiragen. Da ta ambaci kuku mai ɗingishi sai idonsa ya yi haske, ya ce ƙwarai kuwa, mutumin nan akwai iya miyar kabeji, yana zuba musu kyauta in ubangidansa ba ya nan.

"Kunfu fa, Baffa? Ka taɓa ganin yana koya wa babana?"

Tsohon ya daɗe yana tunani. Ya ce shi dai miyar ya sani.

Ta dawo gida ta zauna ba ta cire takalmi ba. Bian ya ajiye mata kunun gero a gaba, ya huce, ya ɗauke ya ɗumama ya dawo da shi.

Shekara ta zagayo aka sake buɗe rajista. Wannan karon takarda ɗaya ce ta isa ofis, da hannun Dou da na Geng a ƙasa. Mai zuhudu ya sauko daga dutse ya koya wa wani, wani ya koya wa wani, har abin ya isa ga dogarin sarki. Dogari ya gudo daga Beijing da rauni a ƙafa, ya ɓad da kama ya zama kuku a jirgin gishiri, aka riƙa kiransa Mai Tukunya. A gurbin hujja aka rubuta cewa 'yar Malam Miao ta tabbatar da zancen kukun da bakinta a zaman bara, kuma muryarta tana nan a ajiye. An riga an mayar da Malama Shao wani gari. Takardar ta wuce. Dou ya zama magajin salo, Geng shugaban ƙungiya.

Guilan ta je ofishin sau uku. Wanda ta tarar ya karɓe ta da mutunci, ya zuba mata shayi, ya ce ai babu abin da aka cire daga maganarta, ƙari kawai aka yi mata. Ta ce ƙarin ne ƙarya. Ya ce to ta kawo hujjar cewa kukun ba dogari ba ne.

Aka sa ranar kafa allon dutse a bakin kogi. Sai a lokacin suka tuna cewa takardarsu ta ce babi takwas, kuma babu mai na takwas a cikinsu. Suka zo tare, Dou a gaba, Geng riƙe da kwando.

"Ƙanwata, abin da ya wuce ya wuce."

"Ku tambayi mai zuhudun," ta ce, ta juya musu baya.

Mako biyu ta riƙe wannan. Sai wata safiya tana tura keken awara ta bi ta filin makaranta, ta hangi yaran Geng suna gwada wani abu da tsalle da juyi da faɗuwa a gwiwa ɗaya. Ta tambayi wani me ke nan. Ya ce babi na takwas ne, Malam Geng ya farfaɗo da shi. Ta tsaya ta kalla har ƙarshe. Da ta isa rumfa ta aika wa Dou cewa za ta nuna babi na takwas ranar bikin.

Ranar bikin an cika. Ga ganguna, ga jajayen tutoci, ga manya a kan kujeru. Guilan ta fito da rigarta mai ruwan toka, ta ƙi sa ta alharini da suka ɗinka mata. Ta tsaya, ta sauke numfashi, ta fara. Babin gajere ne, bai kai minti biyu ba, amma tsofaffin sauran unguwanni da suka zo neman abin kushewa suka yi shiru, wani ma ya miƙe tsaye don ya ga ƙafafunta. Tana tsaka da yi ta ji mai sanarwa yana cewa a lasifika wannan shi ne babin sirri da mai zuhudu ya sauko da shi daga dutse, wanda aka ɓoye shekara ɗari uku. Ta ƙarasa, ta nufe shi kai tsaye.

"Babana ne ya yi shi. A ɗakin awara."

Ya yi murmushi, ya juya ga jama'a ya ce, "Iya akwai tawali'u." Aka yi tafi, ganguna suka tashi.

An sassaƙa sunanta a allon, can ƙasa a gefe, da ƙananan haruffa, ba a cikin jerin ɗalibai ba. Kafin wata uku Dou da Geng sun sake ɓatawa a kan wanda ya kamata sunansa ya zo a dama, kowanne ya aiko yana neman ta faɗi wanda Malam ya fi so. Ta bar wa Bian makullin rumfa ta hau jirgin ƙasa zuwa Tianjin wajen 'yarta.

A can, kwana na biyar, ta fita lambun unguwa da safe ta ga wani mutum mai kimanin shekara arba'in ya jingine waya a jikin bishiya yana kwaikwayon abin da ke ciki. Babi na biyu ne na Gajeren Hannu, gwiwar hannunsa a buɗe kamar fiffiken kaza. Ta wuce shi. Ta kai ƙarshen hanya ta dawo, ta kama gwiwar ta danna ta jikin haƙarƙarinsa.

"Nan take zama. Yanzu ture ni."

Ya ture ta, ya sami kansa zaune a kan ciyawa. Ya tashi yana kakkaɓe wando, ya tambaye ta wace silsila ce tata. Ta zaunar da shi a benci ta ba shi labarin tun daga farko, kusan awa guda, bai katse ta ba. Da ta gama ya yi mata godiya sosai, sannan ya ce a hankali, shi dai a waya an ce wani mai zuhudu ne.

Ta tashi ta tafi gida ba sallama, ta gaya wa 'yarta cewa ta gama da maganar nan har abada. Washegari ƙarfe shida tana lambun, tana jiransa a gindin bishiyar.